Ku zauna da iyayenku tun suna gane ku

Jiya bayan Magariba, cikin sanyin nan na Jos, na ci karo da wani dattijon unguwarmu a bakin titin Bauchi, ba hula, takalmi wari ɗaya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana riƙe da kuɗin masallacinmu, ko kwabo bai taɓa ɓacewa ba. Na ce, "Baba, ina zuwa?" Ya ce gidan Inna za shi, tana jiransa da tuwo. Innarsa ta rasu tun kafin a haife ni, ciwon mantuwa ne ya kama shi. Na kama hannunsa, sanyi ƙarara, na mai da shi gida. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, ido jawur, har Gangare ta je nemansa.

Ita kaɗai ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Yayyenta maza kuwa sai makon jiya aka ga ƙeyarsu, sun zo da takarda da tawada, wai Baba ya dangwala a sayar da gidan haya. Mutumin da bai san yau wace rana ba! Ku ji tsoron Allah. Wanda hankalinsa ya gushe cinikinsa ba ya ƙulluwa, a fiƙihu haka, a kotu ma haka.

Ban cire kaina ba fa. Hajiyarmu ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, tana maimaita tambaya ɗaya, ni kuma ina ta cewa tsufa ne. Nauyi ya hana ni tambayarta ina takardar filinta, wa take bi bashi, wa ke bin ta. Gani muke in mun ɗauko zancen kamar mutuwa muke musu fata.

Ciwon mantuwa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba sammu ba ne, ba maita ba ce. Mafi yawansa Alzaima ne, kuma gaba yake yi. Akwai likitocinsa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a kai masu ciwon da wuri. Takardar wakilci kuwa, wadda mutum ke ba wani ikon kula da lamuransa, sai mai cikakken hankali ke sa mata hannu. In lokacin ya wuce sai zaryar kotu, fansho na kwance a banki, kuɗin magani ya gagara. Aya ta 282 a Baƙara ta ambaci mai rauni da ba ya iya shibta, ta ce waliyyinsa ya yi da adalci. Da adalci fa!

Don Allah ku zauna da su tun suna gane ku. A kira shaidu biyu, da lauya in da hali, su faɗa da bakinsu wa zai riƙe katin banki, wa zai riƙa kai su asibiti, a gidan wa suke so su zauna. A rubuta. A raba kwanakin jinya, kar a sakar wa mace ɗaya. Na Abuja ya turo kuɗi, ya kuma tako da ƙafarsa.

Ni dai ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, zan je wajen Hajiya da littafi da biro. Ku taya ni addu'a Allah ya sa ban makara ba.