Tauraron Boma a cikin gwangwani

A rundunar sojojin kundumbala na ruwa ta Amurka, har yau akwai kuratan da kan yi wa Lewis Puller sai da safe kafin su kwanta, alhali ya rasu tun 1971. Sau biyar ana maƙala masa Navy Cross, lambar jarumta ta biyu a daraja a wurinsu. Ta ƙarshe a Koriya ya samo ta a 1950, lokacin da sojojin Sin suka yi musu ƙawanya a Chosin cikin sanyi mai daskarar da jini. Abin lura shi ne, kowace lamba da takardarta: rana kaza, wuri kaza, ga abin da ya yi.

Wannan takardar ce muka rasa.

Kwanakin baya na je ta'aziyya wani ƙauye a gefen Ringim. Bayan an yi addu'a, wani matashi ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara mai tsatsa. A ciki akwai tauraron tagulla mai tsini shida, ƙyallensa ya koɗe, an naɗe shi da tsumma.

"Kawu, wai kuɗin da ne?" in ji shi.

Tauraron Boma ne, lambar da Birtaniya ta ba sojojin da suka yi yaƙi a ƙasar Boma a Yaƙin Duniya na Biyu, na kakan babansa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda ke da 'yan Arewa da yawa, su suka ratsa dazukan Kaladan da Arakan suna fafatawa da Japanawa, har aka karɓe Myohaung a Janairun 1945. A gidan nan babu wanda ya san ko wannan.

Na san za a ce yaƙin Bature ne, kuma da yawa hakimai ne suka tura su ba da sonsu ba. Haka ne. Amma ai zuciyar da ta tsaya gaban harsashi ba ta Bature ba ce. Chari Maigumeri, sajan-manjan da shi ma ya yi yaƙin Boma, ya yi sa'a an sa wa barikin Lokoja sunansa, sauran fa?

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, manya na ajiye furanni a Abuja, a busa bigila, a watse. Da ƙananan hukumomin Kano da Jigawa za su sa dagatai da masu unguwanni su bi gida-gida, a rubuta suna, bataliya da lambar kowane ɗan mazan jiya, da an yi abin kai. Malamin firamare ɗaya da littafi ya isa gunduma guda. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin masu shi kuwa, kullum raguwa suke yi.