Kafin ku tafa wa masu ra'ayin riƙau, ku dubi abin da suka yi da mulki

'Yan uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakaninmu wadda na ga bai kamata in yi shiru a kanta ba. Sai a yanko minti ɗaya daga jawabin wani ɗan siyasar Turai yana kare aure tsakanin namiji da mace, yana kukan cewa an hana mutane faɗin gaskiya, nan take a hau yaɗawa ana jinjina masa, ana cewa ga namijin duniya. Da yawa cikin masu yaɗawar ba su san sunan jam'iyyarsa ba, balle abin da ta rubuta cikin manufofinta. Galibin waɗannan mutane 'ya'yan jam'iyyun masu tsattsauran ra'ayin riƙau ne, waɗanda jarin siyasarsu shi ne ƙyamar baƙi da zazzafan kishin ƙasa. Turawa suna ta muhawara ko jam'iyyun nan barazana ne ga dimokuraɗiyya da 'yancin faɗin albarkacin baki. Ni a wurina da yawansu barazana ne, kuma hujjar tana cikin ayyukansu.

Sun wuce a raina su. A Faransa, Jean-Marie Le Pen ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2002, ya tashi da kusan kashi 18 cikin ɗari, ƙasar ta girgiza. Bayan shekara 20 'yarsa Marine Le Pen ta samu sama da kashi 41. A Jamus, jam'iyyar AfD da aka kafa a 2013 ta zo ta biyu a zaɓen watan Fabrairun 2025 da kusan kashi 21. A Holan, jam'iyyar PVV ta Geert Wilders ta zo ta ɗaya a Nuwamban 2023 da kujeru 37 cikin 150.

Bari mu tsaya a kan Wilders, domin kusan babu ɗan siyasar Turai da ya kai shi ambaton 'yancin magana. Kullum kukansa shi ne ana son a toshe masa baki. To a takardar manufofin da ya shiga zaɓen 2023 da ita, an rubuta ƙarara cewa ba a son makarantun Islamiyya da Alƙur'ani da masallatai a ƙasar. Mutumin da ke neman a bar shi ya faɗi duk abin da ya ga dama, shi ne ke neman a hana 'yan ƙasarsa kusan miliyan ɗaya karanta littafinsu da yin ibadarsu. Daga baya ya ce ya jingine waɗannan buƙatu, saboda sauran jam'iyyu sun ƙi yarda su kafa gwamnati da shi sai ya yi hakan. Ku lura, matsin lamba ne ya sa ya jingine su. Ita kanta jam'iyyar tasa ba ta rajistar mambobi, ba ta da babban taron da za a ƙalubalance shi, shi ne wuƙa shi ne nama. Wanda bai yarda a musa masa a cikin jam'iyyarsa ba, ta yaya kuke zaton zai yarda a musa masa in ƙasa gaba ɗaya ta shiga hannunsa?

Amma inda ya fi kamata ku zuba ido shi ne Hangari, domin a can an ga abin a aikace. Viktor Orban da jam'iyyarsa ta Fidesz sun ci zaɓen 2010 da kusan kashi 53 na ƙuri'u, tsarin zaɓen ya ba su kashi biyu bisa uku na kujerun majalisa, adadin da ya isa a sauya tsarin mulki ba tare da neman yardar kowa ba. Suka rubuta sabon tsarin mulki, ya fara aiki a farkon 2012. Suka rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, dare ɗaya alƙalai sama da 200 suka tashi ba kujera, sai da kotun Tarayyar Turai ta ce hakan ya saɓa doka. Suka kafa hukumar kula da kafofin yaɗa labarai, suka cika ta da mutanen da jam'iyyar ta zaɓa, kowanne wa'adin shekara 9.

Daga nan abin ya riƙa tafiya sannu a hankali. Tallace-tallacen gwamnati suka koma wurin kafofin da ke yabonta, masu suka suka shiga yunwa. Attajiran da ke kusa da gwamnati suka riƙa sayen jaridu da gidajen rediyo. A Oktoban 2016 aka rufe Népszabadság, babbar jaridar da ke sukar gwamnati, ma'aikatanta suka wayi gari ba aiki. A 2018 aka tattara kafofi sama da 400 aka zuba su ƙarƙashin wata gidauniya guda, gwamnati ta ayyana haɗakar a matsayin muhimmin muradin ƙasa don kada hukumar hana babakere ta bincika. A 2020 aka kori babban editan shafin labarai na Index, 'yan jarida da dama suka ajiye aiki tare. A 2021 gidan rediyon Klubrádió ya rasa zangonsa, ya koma intanet. Jami'ar CEU kuwa, wata jami'a mai zaman kanta da ke Budapest babban birnin ƙasar, sai da ta kwashe ta koma birnin Vienna.

Abin da nake so ku gane shi ne duk wannan an yi shi ba tare da soja ko tankar yaƙi ba. Ba a soke zaɓe ba, Orban ya sake ci a 2014 da 2018 da 2022. Komai da sa hannun majalisa, komai da hatimin doka. Ana iya barin mutum da bakinsa, a raba shi da duk wata hanya da muryarsa za ta kai ga jama'a. Shi da kansa ya faɗa a wani jawabi a 2014 cewa ƙasar da yake ginawa ba za ta bi tafarkin sassaucin ra'ayi ba, kuma a Satumban 2022 Majalisar Tarayyar Turai ta ce Hangari ta daina zama cikakkiyar dimokuraɗiyya. Kada ku ɗauka wannan labarin ƙasa ɗaya ne. Tun 2024 jam'iyyar Orban da ta Le Pen da ta Wilders suke zaune a rukuni guda a waccan majalisa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Jamusawa sun fi kowa tsoron wannan hanya saboda sun taɓa bin ta. A zaɓen Yulin 1932 jam'iyyar Hitler kashi 37 ta samu, ba ta taɓa samun rinjaye a zaɓe mai 'yanci ba. Manyan 'yan mazan jiya ne suka ɗora shi a kujerar shugaban gwamnati a ranar 30 ga Janairun 1933, da tunanin za su juya shi yadda suke so. Kafin wata guda ya cika an dakatar da 'yancin magana da na jarida da na taro, kafin ƙarshen Yuli babu wata jam'iyya sai tasa. Ban ce 'yan siyasar yau Hitler ba ne, kuma masu saurin liƙa wa kowa wannan suna suna ɓata hujjarsu. Amma da aka bankaɗo a Janairun 2024 cewa wasu 'yan AfD sun halarci wani taro a Potsdam inda aka tattauna korar baƙi masu yawa, har da wasu masu takardar zama 'yan ƙasa, dubban ɗaruruwan Jamusawa sun fito kan titi cikin sanyi, domin sun san inda irin wannan magana take ƙarewa.

Saboda haka in an turo muku bidiyon irin waɗannan mutane, ku nemi takardar manufofin jam'iyyarsu ku karanta, yanzu fassara ba wuya. Ku duba me suka ce game da kotuna da 'yan jarida, da kuma 'yan ƙasar da addininsu ko launin fatarsu ya bambanta. Sannan ku duba yadda suke yi in sun faɗi zaɓe. A ranar 6 ga Janairun 2021 magoya bayan Donald Trump sun kutsa majalisar dokokin Amurka don hana tabbatar da sakamako, a ranar 8 ga Janairun 2023 kuma magoya bayan Jair Bolsonaro suka afka wa majalisa da kotun ƙoli da fadar shugaban ƙasa a Brazil. Dacewar ra'ayinku da na mutum a kan aure da iyali ba ta mai da shi masoyinku, musamman in kai da ire-irenka ne abin da yake tsorata jama'arsa da shi don ya samu ƙuri'a.

Adalci kuma ya wajaba. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Giorgia Meloni, wadda ita ma mai ra'ayin riƙau ce, ta karɓi mulkin Italiya a Oktoban 2022, kotuna sun taka wa shirinta na kai masu neman mafaka Albaniya birki, ta yi ƙorafi amma kotunan suna nan. A Poland jam'iyyar PiS ta masu ra'ayin riƙau ta mamaye gidan talabijin na ƙasa da kotun tsarin mulki tun daga 2015, duk da haka jama'a sun fitar da ita ta akwatin zaɓe a 2023. Su kuma masu zaɓen waɗannan jam'iyyu, da yawansu talakawa ne da tsadar haya da rufewar masana'antu suka gallaba, suka ga tsofaffin jam'iyyu sun daina sauraronsu.

Kada kuma tsoron masu riƙau ya sa ku tafa wa duk matakin da aka ɗauka a kansu. A Disamban 2024 kotun tsarin mulkin Romaniya ta soke zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa wanda ɗan takara mai ra'ayin riƙau Călin Georgescu ya zo na ɗaya, bisa zargin katsalandan daga waje, kuma har cikin masu adawa da shi an samu waɗanda suka ce matakin ya yi nauyi. A Jamus ana ta kiran a haramta AfD. Tsarin mulkin ƙasar ya ba da damar hakan, amma kotun tsarin mulki ce kaɗai ke da ikon yanke hukuncin, kuma sau biyu ta taɓa yi, a 1952 da 1956, a 2017 ma ta ƙi haramta jam'iyyar NPD ta masu tsattsauran ra'ayin riƙau. Ina ganin wannan taka-tsantsan daidai ne. Duk dokar da aka ƙera yau don rufe bakin wanda kuke ƙi, gobe tana iya faɗawa hannun wanda ke ƙinku. Ko an rufe ofisoshin AfD, mutane sama da miliyan 10 da suka zaɓe ta a 2025 suna nan da fushinsu, kuma sai an samu wanda zai je ya yi musu magana a kan haya da albashi da asibiti kafin su sauya inda suke dangwala yatsa.