Ba iska ba ce, ku daina yi wa likita ƙarya

To, an yi jana'izar saurayin da hodar ibilis ta kashe, an karɓi gaisuwa, yanzu kuma kowa a Garwa ya zama dokta a Facebook. Wai asibiti ne suka yi sakaci da yaron nan, wai ma'aikatan gaggawa ba su da imani. Madalla da ku. Cikin masu wannan ihun babu wanda ya tambaya yaushe ya faɗi, yaushe aka kai shi. Bayan magariba ya faɗi yana dafe da ƙirji, jiki zafi rau, gumi sharkaf. Sai da aka gama hayaƙi da tofi da rubutun sha, sannan aka ɗora shi a kan moto cikin dare. Da nas ta ce wa kawunsa, "Baba, me ya sha?" sai ya ce, "Wallahi 'yata ko taba ba ya sha, iska ce." Abokansa kuwa suna tsaye a bakin ƙofa, sun san abin da ke cikin aljihun wandonsa, suka ja bakinsu suka yi gum.

Iska! Iskar da ake saya ƙulli-ƙulli a lungu, a zuba a ɗan bututu a kunna mata ashana.

Dutsen nan da yara ke zuƙa hodar ibilis ce aka dafa ta daskare. Hayaƙin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu, daɗin bai wuce minti 5 zuwa 10 ba, shi ya sa suke maimaitawa har kuɗi ya ƙare. Yana matse jijiyoyin jini, zuciya tana gudu tana neman jini, hanyar jinin kuma ta tsuke. Daga nan ciwon ƙirji, farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ko zuciyar ta tsaya, ga saurayin da bai taɓa kwanciya asibiti ba. Sa'a ta farko bayan zuƙa ita ce mafi haɗari ga zuciya. Ita ce sa'ar da muke ƙonawa wajen neman garwashin turare. In ya haɗa da giya kuwa, hanta tana ƙera wata guba ta daban wadda ta fi daɗewa a jini.

Kuma dutsen nan ba shi da allurar karya dafi. Abin da likita zai yi shi ne ya kwantar da jikin da irin su diazepam, ya sanyaya shi, ya sa ido kan zuciya. Wanda tramol ya kayar, wani lissafin ake yi masa daban. Akwai ma maganin hawan jini irin su propranolol da likitoci ke gudun ba wa wanda ya sha hodar, don yana iya ƙara tsuke jijiyar zuciya. To in ka ce iska ce, ko zazzaɓin sauro, da me kake so ya yi aiki? Duba zai yi? Ranar wanka ba a ɓoye cibi, jama'a. Ku faɗa wa likita abin da yaro ya sha.

Na san za a ce ai wannan cutar Turawa ce, mu nan tramol da wiwi kawai muka sani. Sannu da barci. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ce hodar da ake kamawa a ƙasashen Sahel, har da maƙwabciyarmu Chadi, ta tashi daga kusan kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Kayan da ke ratsa gida, kuna zaton ba ya zuba a tsakar gida? A Faransa hukumar lafiyarsu ta ƙirga, masu zuwa sashen gaggawa saboda hodar sun ninka fiye da sau biyu tsakanin 2010 da 2022. Su suna ƙirga nasu. Namu kuwa aljanu ne suke kwashewa.

Wani zai ce to asirin gida fa, in jandarma suka ji? Wane asiri? Duk unguwa ta san wanda ya sayar da wayar uwarsa da injin markaɗenta. Likita kaɗai aka ɓoye wa, mutum ɗaya tilo da sanin zai yi amfani a hannunsa. Masu cewa ina raina addu'a kuma, Allah ya shirye ku. Yi addu'arka a kan moto, kuna tafiya.

Wallahi ba daɗi nake ji ba. Na ga mahaifiyarsa a zaune a kan tabarma, ko kuka ta kasa. Iyayenmu mata, na san nauyin abin a baki. Ba sai kin faɗa a gaban mutane ba, ja nas gefe ki raɗa mata. Ku kuma abokai, in kun ji tsoron Baba, ku tura wa likita ta bakin wani.

Af, kafin in manta. Wanda ya tsaya yana ɗaukar yaron bidiyo yana shure-shure a ƙasa, har da matso da kyamara kusa da fuskarsa, ya watsa a guruf ɗin unguwa: wayar taka ba ta kiran mai moto ne? Kuma masu kula da guruf ɗin nan, da mutum ya saka tallar atamfa minti biyu kun cire shi, amma bidiyon har yanzu yana nan.