Khala ba ta shan taba, tauna ta take yi

Da na fara zama a gabashin Landan, kusa da Whitechapel inda 'yan Bangladesh suka fi yawa, jan tabon da nake gani a gindin bango na ɗauka jini ne. Ashe yawun paan ne, wani naɗin ganye da suke taunawa.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce 'yar Sylhet ta ƙasar Bangladesh, kowa Khala yake ce mata, wato inna. Ba ka shiga ɗakinta ba ta jawo ɗan farantinta ba. Ta shimfiɗa koren ganye a tafin hannu, ta shafa wani farin ƙulli mai suna chuna, ta zuba yankakken supari, wani ƙwallo da ake taunawa kamar goro, sannan ta ɗebo zarda da yatsu biyu ta barbaɗa, ta naɗe ta cusa a kumatu. Zardan nan taba ce tsagwaronta, an dai sa mata ƙamshi. Amma ranar da aka tambaye ta a asibiti ko tana shan taba, a'uziyya ta yi. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ashana ma ba ta taɓa ƙyasta wa sigari ba.

Nan na tuna kakata a Katsina. Goro a baki, furen taba tana goge haƙora har su yi ja, garin taba da kanwa a ƙulle a bakin zane. Ka ce mata mashayiya, ranar sai an raba ku. A wurinta shan taba sai hayaƙi, aikin 'yan tasha.

A ganina nan gizo ke saƙar. Binciken lafiya da aka yi a Ingila a 2004 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na mazan Bangladesh na busa sigari, matansu kuwa kashi 2 kacal. Sai ka ce matan sun tsira. Ina! Kashi 16 cikin ɗarinsu tauna ta suke yi. Dokar hana busa sigari a wuraren taruwar jama'a ta 2007 ko kusa da su ba ta zo ba. Sai a 2012 hukumar NICE mai ba da shawarwarin kiwon lafiya a Ingila ta fitar da jagora kan tabar taunawa a tsakanin mutanen Kudancin Asiya, alhali ciwon dajin baki ya daɗe yana cin su. Supari shi kaɗai, ko ba taba, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa cutar.

Ƙaramar hukumar Brent a Landan tana cin tarar masu tofar da paan a titunan Wembley. Bango zai yi tsabta, ban musa ba. Amma Khala ba ta tofi a titi, gwangwaninta na ƙarƙashin kujera.

Barin abin ya fi barin sigari sarƙaƙiya, don shi ne goronsu: da shi ake tarbar baƙo, da shi ake biki. Ka ƙi karɓa, ka raina mai gida.

'Yarta ce ta samo dabara. Ta bari sai da azumi ya kama, tunda dama bakin a rufe yake tun asuba, ta karɓo mata cingam mai nikotin daga masu taimaka wa mutane barin taba. Bayan buɗa-baki a ba ta paan, amma ba zarda. Kwana uku Khala na faɗa da kowa, har da jikokinta.

Jiya na leƙa gaishe ta. Gwangwanin zardan ya bar farantin, supari na nan. Na kalli 'yar, ta ce, "Ɗan'uwa, bari mu gama da ɗaya tukuna."