Ɗan da ba a ƙirga ba

Sati biyu ke nan ana ja-in-ja a zaurenmu na masu karatu a WhatsApp a kan littafin da muka zaɓa wannan watan, har yau ƙura ba ta lafa ba. Sau uku ina rubuta amsa ina gogewa, domin abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ya sa na kawo shi nan. Tun da wuri ina neman afuwar wanda bai karanta ba, domin zan fasa ƙwai, zan faɗi wanda ya yi kisan. In kana da niyyar karantawa, ajiye rubutun nan sai ka gama.

Littafin shi ne Hercule Poirot's Christmas na Agatha Christie, wanda ya fito a Ingila a watan Disamba na 1938. Labarin kwana bakwai ne, daga 22 zuwa 28 ga wata. Simeon Lee tsohon attajiri ne da ya samo arzikinsa a haƙar lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, ya dawo Ingila ya tare a wani katafaren gida mai suna Gorston Hall, yana juya 'ya'yansa da kuɗi yadda ake juya waina a tanda. Alfred ya zauna da shi yana yi masa biyayyar da ta wuce ƙima. George ɗan majalisa ne, maƙo ya yi masa katutu. David ya bar gida tun rasuwar mahaifiyarsu, bai taɓa yafe wa uban baƙin cikin da ya ƙunsa mata ba. Harry kuwa shekara ashirin yana yawon duniya bayan ya yi jabun sa hannun uban ya ci kuɗi. Tsohon ya kira su duka bikin Kirsimeti, har da jikarsa Pilar da ta zo daga Sifen. Ga kuma wani baƙo, Stephen Farr, da ya ce shi ɗan tsohon abokin cinikinsa ne.

Ranar jajibiri ya tara su a ɗakinsa, ya bari da gangan suka ji yana waya da lauya a kan sake wasiyya, sannan ya wanke su tas, bai bar ko uwarsu da ke kabari ba. Da daddare, wajen ƙarfe tara da kwata, aka ji rugugin kaya suna zubewa a sama da wani ihu mai tayar da tsigar jiki. Aka ruga, ƙofa a kulle, makulli ta ciki. Da aka ɓalla ta, ga tsohon an yanka shi, jini ko'ina, ba kowa a ɗakin.

Wanda ya yi kisan shi ne Sugden, babban jami'in 'yan sandan da ke binciken kisan. Shi ma ɗan Simeon ne, ɗan gaba da Fatiha, wanda ba wanda ya san da zamansa.

Nan rigimarmu ta faro. Wani yayanmu a zauren, mutumin da ya fi mu duka karanta irin waɗannan littattafai, ya ce an ci amanar mai karatu. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya kawo ƙa'idoji goma da Ronald Knox, wani limamin Katolika kuma marubuci, ya shimfiɗa wa masu rubuta labarin bincike a 1929, a cikinsu akwai cewa mai bincike ba zai zama shi ne mai laifi ba. Ya ce an tara mana gida guda cike da masu ƙullin zuciya, an sa mun ɓata dare muna auna su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ƙarshe aka janyo mutum daga waje aka ce ga shi nan. Mutane da yawa sun goyi bayansa.

Yaya, da girmanka, ban yarda ba. Mai binciken littafin shi ne Poirot, ƙwararren da ke taimaka wa 'yan sanda warware kisan, ba Sugden ba. Kuma Sugden ba daga waje yake ba. Wannan kalmar "waje" ita ce tarkon gaba ɗaya, kuma mu muka ɗana wa kanmu shi. Poirot ya nace tun farko cewa kisan na cikin gida ne, na jini. Da muka ji haka sai muka ƙirga waɗanda ke amsa sunan Lee, muka rufe lissafi. Alhali tsohon da bakinsa ya gaya mana. Ya yi wa Pilar alfahari da yawan matan da ya bi, har yana cewa mai yiwuwa yana da 'ya'ya birjik a duniya. A gaban iyalinsa, ranar da zai mutu, ya rantse cewa a wani wuri yana da ɗan da ya fi su duka, ko da ba ta hanyar aure aka same shi ba. Mun karanta wannan, mun ɗauke shi a matsayin baƙar maganar tsoho, mun wuce. 'Ya'yansa ma haka suka yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsohon baran gidan, Tressilian, wanda ya shekara kusan arba'in yana hidima, idonsa ya fara rauni. Yana ta cewa ji yake kamar abin da ke faruwa ya taɓa faruwa. Ya buɗe wa Harry ƙofa, ya buɗe wa Stephen, ya buɗe wa Sugden, kowane lokaci sai ya ji kamar mutum ɗaya ne yake ta dawowa. Muka ce tsufa ne. Ashe shi kaɗai ne idonsa ke gani a gidan, domin su ukun uba ɗaya ne: tsayi ɗaya, karan hanci ɗaya, yadda suke shafa haɓa da yatsa, yadda suke jefa kai baya in za su yi dariya. Stephen ma ba Farr ba ne, ɗan Simeon ne da aka haifa a Afirka ta Kudu. Pilar ta taɓa cewa kakanta da yana saurayi kyakkyawa ne kamar Sugden, maganar da ta kusa jawo mata ajali. Daga baya Poirot ya sayo gashin baki na ƙarya ya ɗora a kan hoton Simeon na ƙuruciya, sai ga fuskar ɗan sandan. Duk wannan a shimfiɗe yake a shafuka. Marubuciyar ba ta ɓoye komai a aljihu ba.

Wasu kuma dabarar kisan ce ba ta kwanta musu ba, kuma a nan ina tare da su rabi. Sugden ya shigo wajen ƙarfe takwas da sunan karɓar gudummawar gidan marayun 'yan sanda, ya kashe tsohon tun a lokacin. Ya watsa jinin dabba da ya gauraya da sinadarin da ke hana shi daskarewa, ya ƙara wuta a murhu don kada gawa ta yi sanyi, ya jibga kujeru da tebura da tangaran ya ɗaure da igiya, ya zura bakin igiyar ta 'yar kafar taga. Ya haɗa da wata balan-balan ta yara mai siffar alade da ke ƙara in iskarta tana fita. Bayan fiye da awa ɗaya ya dawo ta ƙarƙashin taga ya ja igiya, kaya suka rushe, balan-balan ta yi ihu, shi kuma ya zagaya ya danna ƙararrawar ƙofa kamar yanzu ya iso. Na yarda abin ya yi yawa. Igiya na iya sarƙewa, wani na iya leƙowa. Amma duk wanda ya saba da labaran ɗaki a kulle, tun daga wanda Edgar Allan Poe ya rubuta a 1841, ya san irin wannan wasa da hankali ne gishirinsu.

Abin da masu wannan ƙorafi suka tsallake shi ne, ƙofar ba ta daɗe tana ɗaure kai ba. Tun a daren farko aka gano an murɗa makullin daga waje da wata siririyar filaya, kuma Sugden da kansa ya nuna ƙarzar da ke jikin makullin. Ya ba da ƙaramin sirri don ya tsare babba. Ƙofar an kulle ta ne kawai don kada wani ya shiga ya ga gawa kafin lokaci. Tambayar gaskiya ita ce yaushe aka yi kisan, kuma wa muka ƙi sakawa a lissafi.

Wata 'yar uwa a zauren, wadda ba ta cika magana ba, ta rubuto abin da ya tsaya mini a rai fiye da duk muhawarar. Ta ce ita abin da ya dame ta shi ne ta gama littafin ba ta ji tausayin mamacin ba ko na minti ɗaya, kuma ta ji kunyar hakan. Ta ce ta taso a gidan da uba ke rabon kuɗi kamar yana rabon bulala, wannan a ba shi don wancan ya ji haushi, kuma da ta karanta wurin wayar lauyan sai da ta ajiye littafin ta fita tsakar gida. Ba wanda ya amsa mata na kusan awa guda. Ina ganin kowa ya tuna wani gida da ya sani.

Christie ta sadaukar da littafin ga James, mijin yayarta, wanda ya yi mata ƙorafin cewa kashe-kashen littattafanta sun fara zama na 'yan gayu, ba jini a ciki, yana son na gaske mai jini da yawa. Ta ba shi abin da ya nema har ya yi ambaliya. Da aka ɓalla ƙofa, Lydia matar Alfred ta furta wani baiti na Shakespeare da ke mamakin yawan jinin da ke jikin tsoho. Ba na tsammanin akwai mai karatun da zai riga Bahaushe kama wannan. Mu in muka ce wane jinin wane ne, ɗansa muke nufi. Jinin tsohon ya fi wanda ke kan dardumar ɗakinsa yawa. Yana tsaye a bakin ƙofa a matsayin ɗan sanda, yana tambayar 'yan uwansa ina kowannensu yake da ƙarfe tara da kwata.

Ba zan ɓoye dalilin da ya sa littafin ya zauna mini daban ba. Shekarun baya na je ta'aziyyar wani dattijo a dangin nesa. A can gefen tabarma, inda baƙi ke zama, akwai wani magidanci da bai yi magana da kowa ba. Da ya ɗago kai don shafa Fatiha sai na ga goshin mamacin da idanunsa. Ba ni kaɗai na gani ba, domin na lura da yadda tsofaffi suka kawar da kai. Aka gama addu'a, ya sa takalminsa ya tafi, ba wanda ya ce masa sannu da haƙuri a matsayin ɗa. A gida na tambaya, aka ce mini ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na yi shiru, amma fuskar ba ta bar ni ba.

Kada a fahimce ni baibai. Ba hukuncin gado nake ja da shi ba, na san ɗan da aka haifa ba da aure ba uwarsa yake gada, ba ya gadon uban. A Ingilar 1938 ma haka abin yake in uba ya mutu bai bar wasiyya ba, sai a 1969 suka sake dokar. Kuma rufin asiri abu ne mai daraja, ni ma ina neman Allah ya rufa mini nawa. Amma akwai bambanci tsakanin rufa wa mai laifi asiri da ɗora wa marar laifi kaya. Yaron bai zaɓi hanyar da ya zo duniya ba, kuma mun sani wani rai ba ya ɗaukar zunubin wani. Simeon yana tinƙaho da cewa duk macen da ya ɓata ya sallame ta da kuɗi mai kauri, a ganinsa magana ta ƙare. A wajen yaron da ya girma a gari ɗaya da gidan, yana ganin hasken tagoginsa, magana ba ta ƙare ba. Wannan bai wanke Sugden ba ko kaɗan. Ya yanka tsoho marar ƙarfi, ya so ya laƙaba wa wasu, ya ɗana wa Pilar dutse a saman ƙofa don ya rufe bakinta, kuma da asirinsa ya tonu cewa ya yi bai yi nadama ba.

Inda nake da ƙorafi a kan littafin, wanda ban ji kowa ya tayar a zauren ba, wuri biyu ne. Poirot ya jingina komai ga gadon hali: Simeon mai haƙurin jiran ramuwa ne shekara da shekaru, don haka ɗansa ma haka. Ban gamsu ba. Stephen jini ɗaya ne da Sugden, hanya ɗaya suka zo duniya, ya ƙetaro teku don ya ga irin mutumin da ya haife shi, kuma bai kashe kowa ba. Littafin da kansa ya kawo shaidar da ke rushe wannan magana, sannan ya wuce bai waiwaye ta ba.

Na biyun ya fi ci mini rai. Mahaifiyar Alfred da David, Adelaide, mun san sunanta, mun ga hotonta, mun ji irin kukan da ta sha. Mahaifiyar Sugden, wadda saboda ita aka yi duk wannan ɓarna, ba mu ji muryarta ba ko sau ɗaya, 'yan layuka kawai aka ba ta a bakin Poirot. A shafukan ƙarshe iyali sun sasanta, Alfred da Lydia suna shirin rabuwa da gidan, Stephen zai auri yarinyar da ta zo da sunan Pilar, wadda ita ma ashe ba jikar ba ce, ta ɗauki fasfon Pilar ta gaskiya ne bayan bom ya kashe ta a yaƙin basasar Sifen. Har ana maganar sake haɗuwa a wata Kirsimetin. An tafi da Sugden, kuma a Ingilar wancan lokaci hukuncin kisan kai rataya ne. Na koma na sake bin shafukan nan a hankali, ina neman inda ɗaya daga cikin 'ya'yan auren nan huɗu zai ce ɗan uwanmu ne fa. Ban samu ba.