Lissafin faranti

Ɗan ƙanwata da ke karanta kimiyyar kwamfuta a wata jami'a nan Legas ya zo mini Agege cikin azumin da ya wuce, fuska a murtuke. An koya musu wasu lambobi da ake kira lambobin Stirling. Ya haddace ƙa'idar tsaf, ko cikin barci aka tashe shi zai biya ta. Da na tambaye shi me lambobin suke ƙirgawa, sai ya yi tsit. Can ya ce, "Kawu, ai ba a tambayar wannan a jarrabawa." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaron bai yi laifi ba, abin da aka ɗora masa ya ɗauka. Ni dai a ganina ta wutsiya ake koya wa yaranmu lissafi: a fara ba su ƙa'ida, abin da ya haifi ƙa'idar kuwa ko oho.

Na ce taso mu je shan ruwa. A masallacin layinmu muka tarar da mutum huɗu kan tabarma: mai shayi, tela, maigadi, da wani direba da ya kawo albasa kasuwar Mile 12. An ajiye musu farantin ƙosai biyu. Na raɗa wa yaron cewa, ta hanya nawa mutanen nan za su rabu kan farantan, ba tare da an bar ɗaya babu mai ci ba? Farantan iri ɗaya ne, abin lura kawai wa ya zauna da wa.

Ya shiga lanƙwasa yatsu. Mutum ɗaya ya ware shi kaɗai, uku su haɗu: hanya huɗu ke nan, tunda kowa a cikinsu zai iya zama warewar. Ko a zauna bibbiyu: mai shayi ya ɗauki abokin ci cikin ukun nan, ragowar biyun dole su haɗu, hanya uku. Ya ɗago ya ce, "Bakwai." Na ce to duba takardarka. Bakwai ɗin ce a rubuce, gaban huɗu da biyu.

Ladan na gama kiran salla ya zo ya zama na biyar, kuma nan ne abin ya yi daɗi. Wanda ya zo a makare zaɓi biyu gare shi. Ko ya tsuguna a ɗaya daga farantai biyun, a kowane zama cikin bakwai ɗin can, ya zama 14. Ko a bar masa faranti shi kaɗai, huɗun su matsa kan ɗaya, hanya guda. Jimla 15. Ƙa'idar da yaron ya kwana yana haddacewa ke nan, babu daɗi babu ragi: ka ninka lissafin baya da yawan farantai, ka ƙara lissafin da baƙo ya ci shi kaɗai.

James Stirling, mutumin Skotland, ya kawo waɗannan lambobi cikin littafinsa na 1730. Idan kuma ba ka ƙayyade yawan farantai ba, ka tara dukkan hanyoyin, sai ka sami lambobin Bell, waɗanda suka ci sunan Eric Temple Bell da ya yi rubutu a kansu a 1934: mutum uku hanya 5, huɗu 15, biyar 52. Mutanen Japan ma suna da wani tsohon wasan turare, a ƙona ƙulli biyar a ce ka shinshina ka faɗi waɗanne ne iri ɗaya, kuma amsoshin da za su yiwu 52 ne cif. Da hanci suka iso inda muka iso da ƙosai.

Abin yana kumbura da sauri. Mutum goma kan faranti uku hanya 9,330 ne. Ka sake su su rabu yadda suka ga dama, 115,975. Shi ya sa manhajar da ke kasa dubban kwastomomi rukuni-rukuni ba ta gwada kowace hanya, sai dai dabara, kuma ɗalibin kwamfuta da bai ji wannan a jikinsa ba, ban san me zai gina ba.

Za a ce mini ai da Turanci ake jarrabawa. Na yarda, a rubuta da Turancin. Amma wa ya hana malami ya fara da faranti minti goma kafin ya taɓa allo? Kuma kada wani ya ce irin wannan tunani baƙo ne a wurinmu. Shekara biyu bayan littafin Stirling, a 1732, Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya kammala nasa rubutun kan yadda ake tsara hatimi, wato jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A makaranta ban taɓa jin sunansa ba, sai da na girma.

Bayan magariba yaron ya ƙi tashi. Ya ari biron mai shayi, yana lissafin mutum shida kan faranti uku a bayan kwalin madara. Ya samo 25 na mutum biyar, ya ninka uku, ya ƙara 15, ya ce, "Kawu, casa'in ne ko?" Casa'in ne. Kafin ya waiwayo direba ya share ƙosan.