Manoman da ke jikin bangon masu ƙasa

A 1757 ne Giandomenico Tiepolo ya ƙawata masaukin baƙi na gidan iyalan Valmarana, a wajen birnin Vicenza da ke arewacin Italiya, da zanen mutanen ƙauye. A jikin wani bango ga iyali suna cin abinci a waje, uwa da jaririnta a cinya, ga malmalar polenta, wato tuwon masararsu, a kan farin ƙyalle. Babu ramamme a cikinsu, kuma babu wanda fuskarsa ta nuna ana bin sa bashi.

Ba na musun gwanintar Tiepolo, domin ya kalli manoma da idon mutunci fiye da mai zane Francesco Zuccarelli, wanda zanensa na makiyaya masu tsabtar ƙafa ya yi kasuwa a wurin attajiran Ingila. Sai dai a ganina irin wannan zane shaida ce a kan abin da mai biyan kuɗi yake son gani, kuma mai biyan nan galibi shi ne mai ƙasar da ake nomawa. Wane mai gida ne zai biya a zana masa yunwar masu yi masa noma a ɗakin da yake saukar baƙi?

Tuwon nan da aka zana a matsayin alamar wadata shi ne ya jawo wa yankin Veneto da Lombardiya cutar pellagra, wadda ke kama wanda ba shi da abinci sai masara: fata ta sassaɓe, zawo ya biyo baya, wani ma hankalinsa ya gushe. Ƙidayar 1881 ta sami masu cutar fiye da 100,000 a Italiya, a daidai lokacin da ƙauyawa ke tururuwar ƙaura zuwa Amurka, Brazil da Ajantina.

Masu kare waɗannan zane-zane kan ce aikin mai zane kyau ne, ba rahoton hukuma ba. To, amma Angelo Morbelli ya nuna cewa kyau bai hana gaskiya. A tsakiyar shekarun 1890 ya zana mata masu cire ciyawa a gonakin shinkafa, sun sunkuya a jere cikin ruwa, sun ba mai kallo baya, sararin sama na sheƙi a ruwan da ƙafafunsu suka nutse. Zanen yana gidan tarihi na Borgogna a Vercelli, kuma ladan wunin matan, santesimi 80 (ƙananan kuɗin Italiya na lokacin), shi Morbelli ya sa masa a matsayin suna.